Sallar da Muka Yi a Gidan Baba Alhaji

Daga Jiratawa zuwa Maradi ba tafiya ba ce da ake yi wa guzuri, amma har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu ban taɓa kwana a birnin ba. Mukan shiga da hantsi, asibiti ko kasuwa, mu fito kafin la'asar. Abin da na sani na zaman birni a littattafai na san shi, irin ƙananan nan na soyayya da ake kawowa daga Kano, waɗanda na fara ara tun ina lakwal, wato makarantar boko, na ci gaba da ɓoye su ƙarƙashin katifa bayan na yi aure. A cikinsu miji da mata kan fita da yamma su biyu, su zauna inda iska ke kaɗawa, ta faɗa masa abin da ke ranta, shi kuma ya saurara har ta gama.

A shekarar da nake magana, Baba Alhaji, ƙanen mahaifin maigidana, ya aiko mu zo gaba ɗaya mu yi babbar sallah a gidansa na unguwar Zariya: ni da maigidana, da Inna mahaifiyarsa, da 'yarmu, da jaririn da nake goyo. Kowa ya yi murna ban da ni, don na riga na ji dalilin gayyatar. Alhaji yana da manyan motoci, kamiyo, masu kai kaya arewa, su wuce Agadas su shiga sahara, kuma yana son ya sa maigidana apranti a ɗayansu, ya bi shofer har ya koyi tuƙi. Daminar da ta wuce gulbi ya yi ambaliya ya cinye mana tattasai da zogale, dangi duk sun ga yadda muka ƙare shekarar. A wurinsu wannan babban taimako ne. A wurina kuwa hanyar da wana ya bi ce. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya hau bayan kamiyo ina budurwa, har yau ba a ga gawarsa ba balle a yi masa sallah.

Na so in yi wa maigidana maganar tun a gida. Amma bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da na Inna, bangon kuma bai kai rufi ba, ko tari ka yi sai ta ce maka sannu. Sau ɗaya na tare shi a bakin rijiya, ya ce, "Bari dai mu je mu ji abin da Baba zai ce." Ya saɓa fartanya ya wuce. Haka yake, ba shi da yawan magana. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, idan ya yi murmushi sai in ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi. Na so shi tun bai san ina yi ba, kuma shekarun aure ba su rage komai ba.

Sai na ɗora dukan begena a kan Maradi. Na ce can akwai titi mai fitilu, akwai wuraren shan sanyi inda ba wanda ya san mu. Zan sa sabuwar atamfata in ce ya fita da ni. Kalaman da zan faɗa masa ina daka nake shirya su, ina wanki nake gyara su, har na haddace. Zan ce masa gara mu ci zogale da ƙuli har mu tsufa ina ganinsa, da in ci nama ina kallon ƙofa. Zan ce masa zuciyata ta taɓa raka mutum wannan hanya ba ta dawo duka ba, abin da ya rage kuma nasa ne.

Ana gobe jajibiri Alhaji ya aiko mota ta ɗauke mu. 'Yarmu ta manne fuskarta a gilashi tana nuna raguna da suka cika bakin titi, Inna tana ta addu'a duk lokacin da babur ya gifta. Ni kuwa ƙeyar maigidana nake kallo, yana gaba kusa da shofer.

Gidan Alhaji bene ne mai babbar ƙofar ƙarfe. A wajen ƙofar, ta bakin titi, akwai jerin ɗakuna da rumfa inda baƙinsa maza da shofofinsa ke kwana. Muna sauka wani ya karɓi jakar maigidana ya nufi can da ita, mu kuma aka buɗe mana ƙaramar ƙofa aka ce bismilla. Na waiwaya, na ga har an ba shi tabarma ana gaisawa. Aka rufe ƙofar. Sai a lokacin na gane abin da ban taɓa lissafawa ba: a gidan babban mutum, baƙo namiji waje yake, matarsa ciki, har ranar tafiya. Girmamawa ce aka yi mana. A littattafan ba wanda ya gaya mini haka.

Hajiya, matar Alhaji, ta karɓe mu hannu biyu. Mace ce mai jiki, mai haƙorin Makka, muryarta na kaiwa har bene ba tare da ta ɗaga ta ba. Ta ba mu ɗaki ni da Inna da yaran, mai fanka da firji. Ba mu gama hutawa ba aka shiga aikin sallah, wanke tukwane, jajjagen kayan miya, yankan albasa buhu guda. Mata sun cika tsakar gida, ba inda za ka juya ba ka taka zanen wani ba.

Ranar jajibiri na laɓe bayan tankin ruwa na kira wayarsa. Wayar nan tun da ta faɗa kwatar ban ruwa ba a jin magana sai an buɗe lasifika, na sani, amma ba ni da wata dabara.

"Ina jin ki," ya ce.

"Kana ina?"

"Ga ni cikin mutane."

Kafin in ce komai wata murya ta shigo, ta wani shofer. "Amarya, kwantar da hankalinki, bai ɓata ba. Ga shi nan muna kiwonsa tare da ragunan, har dusa mun ba shi."

Na ji rumfar gaba ɗaya ta fashe da dariya. Na ce dama tambaya zan yi ko ya ci abinci. Ya ce ya ci. Na kashe wayar na tsaya jikin tankin ina jin sanyinsa a bayana har hawayen suka koma.

Na gwada ɗaukar tiren abinci in kai waje da kaina, aka karɓe a bakin ƙofa, wai baƙuwa ba ta wahala. Na ce zan fita sayen magani, Hajiya ta buɗe durowa ta ba ni irinsa.

Ranar sallah, bayan an sauko daga idi aka yanka ragunan, aka banƙare su a kan sanduna, aka jingina su kewaye da wuta a bakin titi yadda ake yi. Mu a ciki aka zubo mana kayan ciki, muna wanke hanji muna soyawa, hayaƙi na cin ido. Duk lokacin da aka buɗe ƙaramar ƙofa sai in miƙa wuya. Sau ɗaya na hango shi sosai. Ya naɗe kansa da rawani irin na shofofin, yana juya rago, ɗayansu ya dafa kafaɗarsa, suna dariya. Ya yi kyau ƙwarai, kuma ya yi kama da su. Na koma na zauna a kan turmi.

'Yar Hajiya ta fari, wadda ke karatu a Yamai, ta lura da ni. Ta ce, "Matar yaya, wuyan nan zai ƙage fa. Kwana nawa ne duka? Ko a Jiratawa ɗaure shi kike yi a ƙafar gado?"

Matan suka yi dariya, ni ma na yi, don ba a fushi da wasan ƙanwar miji.

Washegari da hantsi aka ce mata su zo su gaida Alhaji. Yana zaune a salonsa, babban falo mai sanyi kamar cikin randa, maza sun kewaye shi, har da limamin unguwa. Maigidana yana can ƙarshe a durƙushe kusa da taga. Muka shiga muka tsuguna a bakin ƙofa, ni ina bayan Inna, mayafina har goshi. Aka gaisa, aka yi barka da sallah. Har mun fara miƙewa sai Alhaji ya ce, "Ina ɗiyata ta Jiratawa? Matso nan."

Na matsa kaɗan da gwiwa.

"Yaya yaran? Madalla. To, ɗiyata, magana ce ƙarama. Zan ɗauke miki miji in sa shi hanya, ya koyi abin da zai riƙe ku. Kin ba ni shi?"

Ya faɗe ta cikin fara'a, mazan suna murmushi. Kalmar a'a tana bakina, na ji ta a kan harshe kamar tsakuwa. Amma ni an raine ni a gidan da ba a kallon suruki a ido, balle a musa masa, balle a gaban liman. Kuma a sanina irin wannan tambaya ba tambaya ba ce, karramawa ce babba yake yi wa ƙarami bayan an riga an gama magana. Ba a amsa ta sai da godiya. Na ji Inna ta taɓa ƙafata ta baya.

Na ce, "Ɗanka ne, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Madalla. Kun dai ji. Liman, a shafa mana fatiha."

Aka ɗaga hannuwa, ni ma na ɗaga nawa. Ta tsakanin yatsuna na saci kallon maigidana. Bai kalle ni ba, idonsa na kan kafet, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ranar ce ake rabon nama. Da azahar Inna ta ce lallai a kai wa gwaggon maigidana cinyar rago a Tsibiri, Hajiya kuma ta ce ya tafi da matarsa, tsohuwa ta ga jaririn. Aka ara masa babur. Abin da na yi kwanaki ina nema aka miƙo mini shi a sauƙaƙe, bayan an shafa fatiha.

Na sa sabuwar atamfar duk da haka. Na hau bayansa, jariri a bayana, ƙullin nama a cinyata. Muka ratsa gari, ko'ina ƙamshin gashi, yara cikin sababbin kaya suna yawon sallah. Na fara kalaman nan nawa a kan gudro, titin kwalta, ina yi wa bayansa magana, iska na kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ban san me ya ji ba. Da muka fita gari, gero ya fara kore hagu da dama, sai ya sauka daga titi ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi ya kashe babur. Bai juyo ba.

Ya ce, "Don mi kika ce kin ba shi?"

Na sauka na zagayo gabansa. "Me ka ce?"

"Tun ranar da muka zo na gaya wa Baba. Na ce ni ban ƙi ba, amma uwar yara tana tsoron hanyar nan saboda wanta, sai in ta yarda. Na ce a raina ke ko an ɗora miki wuƙa ba ki yarda. Shi ya sa ya tambaye ki."

 Na dafa kan babur ɗin, ƙarfen ya ƙona ni, ban ɗauke hannu ba.

"Ni zan ce wa Baba a'a? A gaban liman?"

"To ni ne zan ce masa? Shi ya riƙe mu da mahaifina ya rasu. Shi ya kai gaisuwar aurenki. Da wane bakin?"

"Kana son tafiyar?"

"Ni da ko Dakoro ban taɓa zuwa ba, balle Agadas."

"Na gan ka kana dariya da su, ka sha rawani."

"To kuka zan yi a bakin titi?"

"Me ya hana ka gaya mini?"

"A ina?" ya ce. Sai a nan ya kalle ni. Idonsa ya yi ja, ban sani ba ko hayaƙin jiya ne. "A gida ban san Baba da gaske yake ba. A nan kuma ta ina zan gan ki?"

Na daɗe ina mafarkin ranar da zai buɗe mini zuciyarsa mu biyu ƙarƙashin bishiya. Ga ranar ta zo, ga bishiyar, ga iska mai ƙamshin damina, abin da na samu a ciki kuwa tsoro ne irin nawa. Ban sake faɗin ko ɗaya daga kalaman da na haddace ba. Na ce masa kawai, "Kada ka tafi." Ya ce, "An shafa fatiha." Jaririn ya farka ya fara kuka, muka hau muka ƙarasa Tsibiri. Gwaggo ta yi ta rawa da yaron tana yi masa kirari, ta ce na rame, ta cika mini leda da gyaɗa.

Muna dawowa ban ko cire mayafi ba na wuce ɗakin Hajiya. Na durƙusa na riƙe ƙafarta na gaya mata komai, ina yi ina shessheƙa. Ta saurara har na gama, ta tafa hannu a hankali.

"Oh ni, yaran nan. Shekara nawa kuna cin tuwo a gida ɗaya ba ku iya haɗa baki ba? Shi ya jingina da ke, ke kin jingina da shi, duk kun faɗi. Da kin raɗa mini tun ranar da kuka zo, da ni na san yadda zan yi da Alhaji. Tashi, share fuskarki. Ba a zuwa gabansa da majina."

Bayan la'asar, da baƙi suka ragu, ta kai ni wurin Alhaji. Wannan karon ba kowa sai shi, yana jan carbi. Na tsuguna, na yi wa kafet magana, don ban iya ɗaga kai ba.

"Baba, ka gafarce ni. Abin da na faɗa da safe kunya ce. Ban yarda ba."

Ya ƙarasa jan carbinsa. Sannan ya ce, "Na san wanki. Ba a motata ya tafi ba, amma na san shi. Yaron kirki." Ya ajiye carbin. "Ɗiyata, gaban mutane na tambaye ki, gaban mutane aka yi fatiha, yanzu unguwa duk ta ji. In na fasa, gobe a ce matarsa ta mai da shi gida, ya rasa inda zai zauna cikin maza. Amma ni ban kai mutum sahara da ƙarfi. A kira mini shi."

Aka kira shi. Ya shigo ya durƙusa nesa da ni.

Alhaji ya ce, "Kai, ga ni, ga uwarka Hajiya, ga matarka. Ba baƙo. In ba ka son tafiyar nan faɗi, in sallame ka, ni na san abin da zan gaya wa mutane."

Ban taɓa kallon mijina a gaban surukai ba sai ranar. Na yaye mayafi na zuba masa ido, ina roƙonsa da duk abin da ke jikina. Kalma ɗaya ce. Na ga leɓensa ya motsa. Yana murza kafet da babban yatsansa, yana murzawa.

Ya ce, "Duk abin da ka yanke, Baba, shi ne daidai."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ni ɗanka ne, Baba."

Hajiya ta ja tsaki a hankali. Alhaji ya jira, ya daɗe yana jira, na shaide shi a kan wannan. Maigidana ya ci gaba da murza kafet, gumi na zuba daga haɓarsa cikin wannan sanyi. Ban ji haushinsa ba. Na san abin da ya riƙe masa harshe, don da safen nan ya riƙe nawa.

A ƙarshe Alhaji ya ce, "To. Tafiya ɗaya. Zan haɗa shi da shofer mafi hankali a cikinsu. In ya dawo ya ce bai so, ya koma gonarsa."

Na yi godiya, don haka ake yi.

Da sallah ta wuce, motar da ta kawo mu ta zo mai da mu. Hajiya ta cika but da soyayyen nama da shinkafa da atamfofi. Maigidana yana tsaye a bakin rumfa cikin shofofin, su za su tashi bayanmu da kaya. Mutane sun cika ƙofar gida, ba halin ko in tsaya kusa da shi. Sai ya tako ya ce wai goyon ya karkace. Ya kwance yaron daga bayana da kansa, ya ɗaga shi ya sa fuskarsa a cikinsa ya daɗe, sannan ya miƙo mini. A ƙarƙashin zanen goyon, inda ba mai gani, ya riƙe yatsuna ya matse har suka yi zafi.

Ya ce, "Ki kula da Inna."

Na ce, "Allah ya tsare."

Inna ce ta zauna a gaba kusa da shofer. 'Yarmu ta yi ta tambaya ina Baba zai zauna, har muka wuce kasuwa tana tambaya, sannan barci ya ɗauke ta da tsokar nama a hannu.

Ya dawo daga tafiyar farko bayan an yi girbi, ya rame, leɓensa duk ya tsage. Ya je gaida Alhaji, Alhaji ya tambaye shi yaya hanya, ya ce alhamdulillahi. Ƙanen maigidana ke noma gonar yanzu. Jaririn nan ya shiga lakwal bana, babansa kuwa yana hanya, sun bar Agadas shekaranjiya.